Yadda ɗalibi a Maraɗi zai auna zoɓo da man gyaɗa da na'urar EPR

Duk ɗalibin kimiyyar sinadarai ko na sarrafa abinci da ya taɓa yin gwajin DPPH a kan zoɓo ya san inda gizo ke saƙar. DPPH sinadari ne mai launin shunayya, yana koɗewa ya koma rawaya idan ya haɗu da abin da ke kashe radikal, wato sinadari mai ilektiron tilo irin shi DPPH ɗin, kuma na'urar auna haske tana karanta wannan koɗewar a hasken da tsawon igiyarsa nanomita 517 ne. To jan launin zoɓo, wato antosiyanin, shi ma a wajajen 520 yake shan haske. Sai launukan biyu su hau kan juna, lissafi ya nuna zoɓon bai da ƙarfin kashe radikal da yake da shi. Ana cire launin samfur daga lissafi, amma gyaran ba ya cika, domin jan zoɓo yana canzawa da tsamin ruwan da yake ciki.

Na'urar EPR (electron paramagnetic resonance), mai aiki da maganaɗisu da igiyar maikurowef, ba ruwanta da launi. Ilektiron tilo take ƙirgawa, kai tsaye. Shi ya sa nake so ɗalibanmu na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da masu bincike a cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna su daina ɗaukarta a matsayin abin da ya fi ƙarfinsu. Kaso mafi girma na aikin ana yin sa ne tun kafin samfur ya shiga na'ura, kuma wannan kason a nan Maraɗi za a iya yin sa. Idan za ka nemi rubuce-rubuce, ka nema da EPR da ESR, a Faransanci kuma RPE, duk abu guda ne.

Ka fara da sanin abin da na'urar take gani

A yawancin sinadarai ilektiron biyu-biyu suke zama, juyin ɗaya yana kashe na ɗayan. Radikal kuwa, da wasu ƙarafa irin su manganis da tagulla da baƙin ƙarfe, suna da ilektiron da ba shi da abokin zama. Shi wannan tilon ɗan ƙaramin maganaɗisu ne. Idan aka sa shi tsakanin manyan maganaɗisai, ko dai ya bi jan su ko ya juya musu baya, kuma tsakanin matsayin nan biyu akwai tazarar makamashi da ke faɗaɗa gwargwadon ƙarfin maganaɗisun. Sai a haska masa igiyar maikurowef. Inda makamashin igiyar ya yi daidai da tazarar, ilektiron ɗin ya sha ta ya juya, na'ura ta rubuta. Kamar neman tasha ne a rediyo, sai dai a nan igiyar ake tsayarwa wuri ɗaya, a yi ta ƙara ƙarfin maganaɗisu har a faɗo kan tashar.

Yevgeny Zavoisky ne ya fara ganin haka a Jami'ar Kazan ta Rasha a 1944, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, da kayan da ya harhaɗa da hannunsa, a kan gishirin tagulla da na manganis. Na'urorin da aka fi samu yau su ne na zangon X, masu aiki da igiya ta kusan gigahaz 9.5, inda radikal ke bayyana idan ƙarfin maganaɗisu ya kai wajajen militesla 340. Akwai na zangon Q mai gigahaz 34 da na W mai 94, amma aikinka ba ya bukatar su. Akwai ma ƙanana da ake ɗorawa kan tebur, irin waɗanda kamfanin Bruker ke ƙerawa, kuma sun wadatar da duk abin da za a bayyana a nan.

Mataki na farko: tambaya ɗaya, ba goma ba

Kada ka rubuta wa kowa kana cewa kana so ka "nazarci tsirran Nijar da EPR". Ba wanda zai ba ka lokacin na'ura a kan wannan. Ka ɗaure tambayar da kyau. Zoɓon da aka busar a rana da wanda aka busar a inuwa, wanne ya fi kashe radikal? Zogalen Jiratawa ɗanye da dafaffe fa? Man gyaɗar da masu ƙuli-ƙuli suka matse, wanda ya zauna cikin jarka a rana da wanda ya zauna a ɗaka, wanne ke rigan lalacewa? Tambaya irin wannan ita ke gaya maka yawan samfurin da kake bukata da awannin da za ka roƙa.

Ka tambayi kanka kuma ko EPR ɗin ma dole ce. Idan ruwan samfurinka garai yake, ba launi ba gurɓi, na'urar auna haske ta ishe ka, kada ka wahalar da kanka. EPR tana cin kuɗinta ne a kan samfur mai launi, ko mai kauri, ko gari busasshe, ko kuma inda kake son sanin wane irin radikal ne ya fito.

Mataki na biyu: haɗa samfur, inda aiki ke gyaruwa ko ya ɓaci

Ka sayi zoɓon ko ka tsinko shi da kanka, ka rubuta gari, da gona ko kasuwa, da ranar. Daga wuri uku aƙalla, domin buhu ɗaya ba ya wakiltar jiha. Ka kai reshe mai ganye da fure wurin malamin ilimin tsirrai ya tabbatar da sunan kimiyya, Hibiscus sabdariffa, a ajiye busasshen reshen da lamba.

Busarwa a inuwa ake yi, ko a tanda wadda zafinta bai wuce digiri 40 ba, sai fa idan busarwar rana ce tambayarka. A rufe da ƙyalle mai tsabta. Wannan rufewar ba ado ba ce. Ƙurar hunturu da jar ƙasa cike suke da tsatsar ƙarfe, kuma na'urar tana ganin ƙarfe sosai: ɗan abin da ido ba ya gani zai iya fito maka da tudu mai faɗi wanda zai karkatar da zanen duka. Saboda wannan dalilin ne ba za ka kai samfur injin niƙa na unguwa ba. Haƙoran injin suna zubar da ɓurɓushin ƙarfe, kuma niƙa mai zafi da kansa yana haifar da radikal a cikin gari. Turmin tangaran na labo za ka yi amfani da shi, a hankali, da cokalin roba ko na gilashi.

Daga nan sai jiƙo. Giram 1 na gari a mililita 20 na etanol mai kashi 70 cikin 100 ma'auni ne mai kyau na farawa. A girgiza awa ɗaya ko biyu cikin duhu, a tace, a sake jiƙa tukar, a haɗa ruwan biyu. Sai a ƙafe shi da injin ƙafewa mai juyawa, zafi ƙasa da digiri 40, har ya zama busasshen ƙullu. Ka auna nauyinsa ka rubuta, domin da shi za ka mayar da sakamako kan giram na asalin zoɓo. Idan metanol ka zaɓa, ka yi aikin inda iska ke ja, da safar hannu. Guba ne, yana makantar da mutum.

Busasshen za ka aika, ba ruwan ba. Kamfanonin jigila ba sa son ruwa mai kama wuta, kuma jiƙo ba ya jure tafiya a zafin bazara da ke haura digiri 40. Ka zuba a ƙananan kwalabe masu duhu, ka naɗe da takardar alminiyum, ka sa cikin leda mai zif tare da ƙwayoyin silika masu tsotse raɓa. Lamba kawai za ka rubuta a jikin kwalba, bayanin yana littafinka, don mai aunawa kada ya san wanne ne wanne. Ka raba kowane samfur biyu, rabi ya tafi rabi ya zauna a firiza. Idan wuta na yawan ɗaukewa, ka jera robobin ƙanƙara kewaye da su, kuma ka rubuta duk ranar da firizar ta narke.

Mataki na uku: neman inda za a auna

Masu wannan fanni ba su da yawa a duniya, kuma sun san juna. Wannan alheri ne gare ka. Akwai ƙungiyarsu ta duniya, International EPR (ESR) Society, da aka kafa a 1989, tana fitar da mujallar labarai mai suna EPR Newsletter, inda za ka ga wane labo ke aiki a kan me. A Faransa akwai ƙungiyar masu wannan fanni mai suna ARPE, akwai kuma tsarin Infranalytics wanda ya haɗa manyan na'urorin ƙasar, ake neman lokaci a kansu ta hanyar rubuta takardar buƙata. Ga wanda ya yi karatu da Faransanci nan ce ƙofa mafi kusa. Tarayyar ƙungiyoyin EPR ta Turai tana shirya makarantun horo na ɗan lokaci ga ɗalibai, rukunin ESR na Royal Society of Chemistry a Ingila yana taro kowace shekara, a Kazan kuma tun 1991 ake ba da lambar yabo ta Zavoisky. Don kuɗin tafiya a duba AUF, ƙungiyar jami'o'i masu amfani da Faransanci, da TWAS, cibiyar kimiyya mai tallafa wa ƙasashe masu tasowa, mata masu digirin digirgir kuma su duba OWSD, ƙungiyar mata masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta bin sawun maƙala. Ka nemo waɗanda suka auna shayi ko ruwan ƴaƴan itace ko man zaitun da EPR a ƴan shekarun nan, ka karanta aikinsu da kyau, sannan ka rubuta musu, da sanin malamin da ke kula da aikinka da sa hannunsa. Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya: tambayarka, yawan samfur, yadda ka haɗa shi, sakamakon da ka riga ka samu da na'urar auna haske, da dalilin da ya sa bai gamsar ba. Wannan na ƙarshe shi ke buɗe ƙofa, domin yana nuna ka yi iyakar abin da ke hannunka.

Tun kafin kwali ya bar Maraɗi ku yi magana a kan abu biyu, a rubuce. Na ɗaya takardu: yarjejeniyar Nagoya, wadda ta fara aiki a 2014, ta shafi fitar da tsirrai don bincike, kuma labon Turai zai tambaye ka izini, ƴan duwan ma suna da tasu tambayar. Na biyu sunaye: wa zai zo farko a maƙala, wa ke da bayanan. Kunya kan hana ɗalibanmu ɗaga wannan maganar, alhali malaman can sun saba da ita, ba sa ganin rashin ladabi a ciki. Tambayar taka ce, samfurin naka ne.

Mataki na huɗu: gaban na'ura

Ko kai za ka zauna ko wani zai auna maka, dole ka san abin da ake yi, don kai za ka kare shi gaban alƙalan jarrabawa. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji ba ya matsawa kusa da maganaɗisun, kuma a ajiye makulli da katin banki nesa.

DPPH a ranar ake haɗa shi. Miligiram 3.94 a mililita 100 yana ba da milimola 0.1 a kowace lita, a kwalba mai duhu. Ka narkar da ƙullunka, ka yi masa matakan tsinkawa biyar ko shida. Ka yi haka da Trolox, wanda shi ne ma'aunin da kowa ke kwatanta sakamako da shi.

Bututun da aka saba da shi na kwarz ne, mai faɗin milimita 4, domin gilashi na yau da kullum yana da ƙarfe a jikinsa. Amma ruwa da etanol da metanol suna shanye maikurowef, idan ka cika wannan bututun da su na'ura ba za ta daidaitu ba. Sai a ja samfur cikin siririn bututu na maikurolita 50, irin wanda ake gwajin jini da shi a asibiti, a toshe gindinsa da ɗanko, a zura shi cikin na kwarz. Tsayin ruwan da zurfin da bututun ke shiga su zama ɗaya a kowane awo. A yi alama a jiki. Ɗan motsi na milimita kaɗan yana canza tsayin zane, ka ɗauka zoɓo ne ya yi aiki alhali bututu ne ya zame.

Awon farko na bututu ne da ruwan narkarwa kawai, don a ga ko akwai datti. Na biyu na jiƙon zoɓo shi kaɗai. Na uku DPPH shi kaɗai, kuma a kansa ake saita komai. Tsakiyar awo wajen militesla 338, faɗinsa militesla 10. Ƙarfin maikurowef ka fara da miliwat 1, ka ninka shi huɗu: idan tsayin zane ya ninka biyu, kana cikin aminci, idan ya kasa, ilektiron sun ƙoshi, ka koma ƙasa. Na'urar tana kaɗa maganaɗisun da sauri, sau dubu 100 a daƙiƙa, kuma girman kaɗawar kai ke zaɓa. Militesla 0.1 ya dace da DPPH. Idan ka ƙara shi fiye da faɗin layin, zane zai yi tsayi amma ya kumbura, ƙananan layuka su ɓace. Idan zanen ya yi hayaniya sai a maimaita awo a tara, amma ka sani maimaici huɗu ninki biyu kawai yake gyarawa, goma sha shida ninki huɗu.

Da zarar an saita, ba a sake taɓa komai har a gama. Ka haɗa jiƙo da DPPH, ka danna agogo, ka ajiye a duhu minti 30, ka auna. Kowane mataki sau uku. Idan akwai sararin lokaci, ka zaɓi mataki ɗaya ka riƙa auna shi kowane minti tun daga haɗawa. Nan za ka ga ko zoɓo nan take yake kashe radikal ko a hankali, kuma wannan sau da yawa ya fi lambar ƙarshe ba da labari.

Mataki na biyar: karanta zanen

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne layin ba tudu ba ne, hawa ne da gangara, yana ratsa tsakiya. Kaɗawar nan ce ta jawo haka: na'ura gangaren tudun take zanawa, ba tudun ba. Inda layi ya ratsa sifili nan ne ƙololuwa.

Daga nan ka fitar da lambar g, wadda ita ce shaidar radikal. Ka ninka gigahaz da 71.448, ka raba da militesla. Misali 9.5 sau 71.448 ya ba da 678.76, a raba da 338.8, ya ba da kusan 2.0034, ga DPPH kuma abin da aka sani 2.0036 ne. Ilektiron da ba ya jingine da komai 2.0023 yake da shi. Ka rubuta ainihin gigahaz na kowane awo, domin yana ɗan motsawa duk lokacin da aka canza bututu.

Sai ƙirga layuka. Ƙwayar atam da ke maƙwabtaka da ilektiron tana tsaga layinsa. Naitirojin ɗaya yana ba da layi uku masu tsayi ɗaya, kamar a radikal ɗin labo mai suna TEMPO. DPPH a ruwa yana da naitirojin biyu kusa da ilektiron ɗin, sai ya ba da biyar, tsayinsu 1, 2, 3, 2, 1, amma busasshen garinsa layi ɗaya siriri yake bayarwa. Idan ka auna garin ganye busasshe da faɗin awo mai yawa, kada ka yi mamakin layuka shida masu tazarar kusan militesla 9: manganis ne, kuma tsirrai suna da shi. Layi a wajen g 4.3 baƙin ƙarfe ne.

Yawan radikal yana daidai da faɗin filin da ke ƙarƙashin tudun asali, don haka ake tara zanen sau biyu a kwamfuta. Idan siffar layukan ba ta canza ba daga samfur zuwa samfur, tsayin layin tsakiya ma ya isa. Ka cire na samfur daga na DPPH zalla, ka raba da na DPPH zalla, ka ninka da 100. Ka zana wannan a kan yawan jiƙo, ka nemo inda rabin radikal ya mutu, ka kwatanta da na Trolox.

Ka roƙi ainihin fayilolin na'ura, ba hoto ba. Na Bruker biyu-biyu suke zuwa, DTA da DSC, ɗaya ba ya buɗuwa sai da ɗayan. Manhajar EasySpin, wadda Stefan Stoll da Arthur Schweiger suka gabatar a 2006, kyauta ce, sai dai a kan manhajar lissafi ta MATLAB take aiki. Da umarnin eprload ake buɗe fayil, da garlic ake kwaikwayon zanen radikal a ruwa, da pepper na busasshe, da esfit ake daidaita kwaikwayo da awo. Wannan sashen a kwamfutarka za ka yi shi a Maraɗi, kuma za ka iya fara koyonsa yau, tun ba ka da samfur ko ɗaya.

Akwai jumlar da nake roƙon kada ta shiga kundinka: cewa sakamakon ya nuna zoɓo yana maganin cuta kaza. DPPH radikal ne na labo, babu shi a jikin mutum. Abin da ka auna shi ne abin da jiƙo ya yi a cikin bututu. Iyayenmu suna jin an ce "jami'a ta tabbatar" su ajiye maganin likita, don haka ka faɗi iyakar abin da ka gani.

Idan man gyaɗa ne tambayarka

Nan hanyar ta ɗan bambanta, domin radikal ɗin da ke lalata mai ba ya daɗewa har a gan shi. Sai a ɗana masa tarko da sinadarin PBN, wanda ke cafke shi ya zama radikal mai daɗewa. Ana narkar da PBN cikin man, a ɗumama a zafi tsayayye, misali digiri 70, a riƙa auna shi kowane minti 10 ko 15. Da farko zanen kwance yake, domin bitamin E da ke cikin man yana tare ɓarnar. Idan ya ƙare sai layuka uku masu faɗi su soma tashi da sauri. Tsawon wannan jiran shi ne ma'aunin juriyar man, kuma yana nuna lalacewa tun hanci bai ji wari ba.

Mai ba ya bukatar jiƙo ko ƙafewa, amma tafiya tana tsufar da shi. Ka cika kwalba mai duhu har baki don kada iska ta samu wuri, ka rufe gam, duk samfuran su tafi a kwali ɗaya rana ɗaya. Ka tambayi matar da ta matse shi ranar da ta soya gyaɗar, da irin tukunyar, ta ƙarfe ce ko ta alminiyum, da ko ta haɗa sabo da tsoho. Ƙarfe yana gaggauta lalacewar mai, don haka amsar tukunyar tana iya bayyana bambancin da za ka gani tsakanin samfur biyu. Ka rubuta amsoshinta a littafi ɗaya da lambobin kwalabe, kuma idan sakamako ya dawo ka koma ka gaya mata, da Hausa, wace ajiya ce ta fi tsare mata man nata.